Eugene Stoner: Maƙerin Da Ya Ƙi Yarda A Yi Wa Harsashi Dole

A fitowarmu ta yau, filin tarihin mashahuran mutane ya leƙa ƙasar Amurka, inda muka ɗauko muku labarin wani maƙerin bindigogi mai suna Eugene Stoner. Mun san da yawa daga cikin masu karatunmu ba su taɓa jin wannan suna ba, alhali kuwa sunan takwaransa na Rasha, wato Kalashnikov, ko ƙaramin yaro ya san shi. Duk ɗan kasuwar da ke ƙetare iyaka tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko tsakanin Maraɗi da Jibiya, ya saba ganin Kalashnikov rataye a kafaɗar jami'an tsaro. To, bindigar da ta yi shekara da shekaru tana gogayya da ita a duniya, wato M16 ta sojojin Amurka, daga hannun Stoner ta fito. Sai dai akwai wani ɗan maɓalli guda a jikin wannan bindiga wanda ba shi ne ya sa shi ba, bai kuma so a sa shi ba. Masu saye ne suka tilasta, aka kuwa yi musu yadda suke so. Jayayyar da aka yi a kan wannan maɓalli ita ce tsakiyar labarinmu, domin ta shafi abin da kowane mai sana'a ya sani: tsakanin mai ƙera kaya da mai sayensa, maganar wa za a bi?

An haifi Eugene Stoner ranar 22 ga watan Nuwamba na shekarar 1922, a wani ƙaramin gari mai suna Gosport da ke jihar Indiyana. Iyayensa sun koma jihar Kalifoniya, a can ya yi karatun sakandare a garin Long Beach. Daga nan karatunsa na aji ya tsaya, bai shiga jami'a ba. A shekarar 1939 ya kama aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Vega, inda aikinsa shi ne ɗaura makamai a jikin jirage. Da yaƙin duniya na biyu ya iso Amurka, sai ya shiga rundunar Marin, wato sojojin kundumbala na ruwa, aka sa shi ɓangaren kula da makaman jiragen sama. Ya yi aiki a tsibiran kudancin tekun Fasifik da kuma arewacin ƙasar Sin. Bayan yaƙi, a ƙarshen shekarar 1945, ya shiga kamfanin Whittaker mai yin kayan jiragen sama. Ya fara ne a ɗakin injinan yanka ƙarfe, da sannu ya hau har ya zama mai zana kayan da za a ƙera.

Wannan tashi da ya yi a cikin masu jiragen sama shi ne ya bambanta shi da sauran maƙeran zamaninsa. Su sun gaji cewa bindiga ƙarfe ce mai nauyi da ƙota ta katako. Shi kuwa ya saba da wurin da ake auna nauyin kowace ƙusa, inda alminiyom da roba mai ƙarfi suke da daraja saboda rashin nauyinsu. A lokutan hutunsa yakan zana bindigogi ya ƙera su da hannunsa. A shekarar 1954 wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna ArmaLite, reshen kamfanin jiragen sama na Fairchild, ya ɗauke shi a matsayin babban injiniya. Haruffan AR da ake gani a gaban sunayen bindigoginsa daga sunan wannan kamfani aka ciro su.

Babban aikinsa na farko shi ne AR-10, wadda ya kammala a shekarar 1955. Jikinta na alminiyom ne, ƙotarta ta roba, tana cin babban harsashi mai faɗin milimita 7.62. A lokacin rundunar sojojin ƙasa ta Amurka tana neman sabuwar bindiga, sai ArmaLite ya kai tasa gasa a ƙarshen shekarar 1956. A nan Stoner ya fara ɗanɗana abin da zai bi shi tsawon rayuwarsa, wato a yanke shawara a kan aikinsa ba da son ransa ba. Shugaban kamfanin, George Sullivan, ya dage sai an kai bindigar da wani sabon bututu na haɗin alminiyom da ƙarfe wanda ba a gama gwada shi ba, duk da Stoner ya ƙi. A farkon shekarar 1957, ana cikin gwaji mai tsanani, bututun ya fashe. An maye shi da na ƙarfe zalla, amma suna ya riga ya ɓaci, sojoji suka zaɓi M14. Daga baya wani kamfanin ƙasar Holan ya karɓi izinin ƙera AR-10, kuma cikin waɗanda suka fara saye har da ƙasar Sudan, wadda ta yi odar kimanin guda 2,500 a shekarar 1958. Fotugal ma ta saya, sojojin laimarta suka yi aiki da ita a Angola da Mozambik.

Ana cikin haka wasu manyan hafsoshi suka nemi a yi musu bindiga marar nauyi mai ƙaramin harsashi, domin soja ya iya ɗaukar harsasai da yawa. Abokan aikin Stoner biyu, Jim Sullivan da Robert Fremont, suka rage girman AR-10 bisa tsarinsa, aka samu AR-15 mai cin harsashin milimita 5.56. Ba ta kai kilo 3 ba idan babu harsashi a cikinta, alhali M14 ta haura kilo 4. Amma kasuwa ba ta buɗe da wuri ba, kuɗin kamfani kuma sun yi ƙasa. A shekarar 1959 ArmaLite ya sayar wa kamfanin Colt haƙƙin ƙera bindigar a kan dala 75,000, tare da kashi 4.5 cikin ɗari na cinikin da za a yi nan gaba. Ƴan kasuwa sun san irin wannan ciniki na wanda ya gaji da jiran mai saye. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a watan Yuli na 1960, aka nuna wa Janar Curtis LeMay na sojojin sama bindigar a wajen wata walima, ya harbi kankana da ita, ta burge shi. Daga nan ƙofa ta buɗe. A shekarar 1962 aka aika guda 1,000 Biyetnam ta Kudu don gwaji, a watan Janairu na 1963 kuma sakataren tsaro Robert McNamara ya ba da umarnin a daina ƙera M14.

Kafin mu shiga rigimar maɓalli, ya kamata mai karatu ya san yadda irin wannan bindiga take aiki. A cikinta akwai wani ƙarfe mai kai da komo wanda za mu kira sakata, don aikinsa ya yi kama da na sakatar ƙofa. Idan aka harba, iskar da albarushi ya haifar tana tura sakata baya, ta fizgo kwanson harsashin da ya tashi ta jefar waje. Sai sifirin ya dawo da ita gaba, ta kwaso sabon harsashi daga gidan harsasai, ta cusa shi cikin mazauninsa a gindin bututu, ta kulle. Haka abin yake ko a bindigar da ke zuba harsasai a jere, ko a wadda ke ɗana kanta amma sai an ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya ya fita. Idan sakata ba ta rufe ruf ba, bindiga ba ta tashi.

Wanda ya taɓa lura da Kalashnikov zai ga wani ɗan hannu na ƙarfe a gefen dama. Wannan hannu haɗe yake da abin da ke ɗauke da sakata, tare suke kai da komo. Idan sakata ta tsaya a hanya, soja na iya buga hannun da tafinsa ta ƙarasa rufewa. Haka M14 take, haka kuma Garand da sojojin Amurka suka yi yaƙin duniya na biyu da ita. A bindigar Stoner kuwa hannun ɗanawa yana can baya, ja kaɗai yake yi, ba ya turawa, ba ya kuma motsi lokacin harbi. Amfanin wannan tsari shi ne jikin bindigar ya zama a rufe, ƙofofin shigar ƙura da yashi suka ragu. To amma babu abin da soja zai buga.

Wannan shi ne abin da manyan sojojin ƙasa suka ƙi yarda da shi a shekarar 1963. Suka ce ba za su karɓi bindigar ba sai an ƙara mata abin tura sakata da hannu. Amurkawa na kiransa fowad asis, mu kuwa za mu kira shi maɓallin tura sakata. Wani ɗan turmi ne da ke fitowa a gefen dama ta baya, da maɓalli a bakinsa. Idan aka danna shi, wani ɗan haƙori a ciki yana kama tsage-tsagen da aka yi a jikin abin da ke ɗauke da sakata, ya tura shi gaba. Hujjar sojojin ƙasa ita ce, mutanensu sun saba da bindigogin da ake iya rufe su da hannu, kuma a fagen fama, cikin laka da ƙura, soja na bukatar ya san yana da abin yi idan bindiga ta ƙi rufewa.

Stoner bai ga haka ba. A ganinsa, idan harsashi ya ƙi shiga mazauninsa, to akwai dalili: ko ya lanƙwashe, ko ya kumbura, ko yashi ya shiga, ko wani abu ya tokare bututu. Maganin shi ne a ja hannun ɗanawa a fitar da shi, a sa wani. Wanda ya danna shi da ƙarfi ya mayar da ƙaramar matsala babba, domin harsashin da aka cusa da dole yakan ƙi fita. Duk direban da ya taɓa ganin yaron mota ya ɗaura noti a karkace, ya kuma ci gaba da matsa shi da sifana har haƙoran suka cinye, ya fahimci abin da Stoner ke nufi. Sojojin sama sun goyi bayansa, suka ce a tsawon shekarun da suka yi suna gwada bindigar ba su ga wata cijewa da wannan maɓalli zai warware ba. Suka ƙara da cewa zai ƙara nauyi da tsada da yawan ƙananan ƙarafa masu iya lalacewa. Kamfanin Colt ma haka ya gani.

Da aka kasa daidaitawa, sai aka raba gardama ta hanyar ƙera iri biyu. A watan Nuwamba na shekarar 1963 aka amince da odar guda 85,000 masu maɓalli domin sojojin ƙasa, waɗanda aka sa wa suna XM16E1, da guda 19,000 marasa maɓalli domin sojojin sama, su ne M16. A watan Fabrairu na 1967 mai maɓallin ta zama M16A1. A lokacin da ake wannan takaddama Stoner ya riga ya bar ArmaLite tun 1961, haƙƙin bindigar yana hannun Colt, kuɗi kuma suna hannun gwamnati. Ana iya jin ra'ayinsa, amma ba shi da ikon hanawa.

Gwajin gaskiya ya zo a dazuzzukan Biyetnam, inda aka tura sojojin Amurka masu yawa daga shekarar 1965. Ba a jima ba rahotanni suka fara fitowa cewa bindigar tana cijewa ana tsakiyar musayar wuta. Abin ya yi muni a faɗan da aka yi a kan tsaunukan da ke kusa da Khe Sanh a watannin Afrilu da Mayu na 1967, inda sojojin Marin suka ba da labarin samun ƴan uwansu a mace kusa da bindigogin da suka cije. Wasiƙun sojoji suka isa gida, jaridu suka ɗauka, majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Richard Ichord, wanda ya fitar da rahotonsa a watan Oktoba na 1967.

Abin da bincike ya gano shi ne, yawancin cijewar ba ta ƙin shiga ba ce, ta ƙin fita ce. Kwanso ne ke maƙalewa a mazauninsa bayan an harba, sakata ta kasa fizgo shi. Maɓallin da aka yi ta rigima a kansa gaba yake turawa, don haka ba shi da abin da zai yi a nan. Dole soja ya zura tsinken ƙarfe ta bakin bututu ya bugo kwanson, kamar maharbin da ke ɗura bindigar toka, alhali ana yi masa ruwan wuta.

Dalilan sun taru ne wuri guda. Na farko, a shekarar 1964 an canza albarushin da aka tsara bindigar a kansa, aka koma wani iri daban wanda ya fi barin kunkunniya, ya kuma sa sakata gudu fiye da ƙima. Tsarin Stoner yana kai iskar albarushi kai tsaye ta wani siririn bututu zuwa cikin sakata, saboda haka irin albarushin da aka yi amfani da shi yana da muhimmanci ƙwarai. Ba a nemi ra'ayinsa ba sai bayan an yanke shawara, bai kuma goyi baya ba. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, an bar Colt yana gwada bindigogin a masana'anta da harsasai masu tsohon albarushi, sojoji kuma ana kai musu masu sabon. Na biyu, ba a shafa wa mazaunin harsashi ƙarfen kurom ba, irin wanda ke hana tsatsa, ga shi kuwa ƙasa ce mai ruwan sama da laima. Na uku, an raba bindigogin ba tare da isassun kayan gogewa ba, har magana ta bazu cewa ita ba ta bukatar a goge ta. Kwamitin Ichord ya ɗora laifi mai nauyi a kan hukumomin sojojin ƙasa, ya kwatanta sakacinsu da abin da ya yi kusa da aikata laifi.

Gyaran da ya ceci bindigar bai shafi maɓalli ba. An shafa wa mazaunin harsashi kurom, daga baya har da cikin bututu. An sa wani ƙarfe mai nauyi a bayan sakata don rage mata gudu, an gyara albarushi, an raba kayan gogewa, a shekarar 1968 kuma aka buga ɗan littafi mai zane-zane da ke koya wa soja kula da bindigarsa. Daga nan ƙorafi ya ragu sosai.

Duk da haka, adalci ne mu faɗi cewa maɓallin bai rasa masu kare shi ba, kuma suna da hujja. Wanda ya ja sakata kaɗan don ya duba ko akwai harsashi a ciki, idan ya sake ta a hankali takan tsaya ba ta kulle ba, dannawa ɗaya ta wadatar. Maharbin da ba ya son ƙarar sakata ta kori dabba shi ma yakan sake ta a hankali, ya ƙarasa da maɓalli. Haka nan idan sanyi ko dauɗa sun rage wa sakata ƙarfi. Masu ra'ayin Stoner kan amsa cewa a duk waɗannan lokuta turawa ce mai sauƙi ake bukata, kuma akwai wani ɗan lotsawa a jikin abin da ke ɗauke da sakata wanda babban yatsa zai iya turawa ta tagar fitar kwanso. Inda ɓangarorin biyu suka fi kusa da juna shi ne, maɓallin na iya taimakon sakatar da ta rage gudu, amma bugunsa da ƙarfi a kan harsashin da ya tokare ɓarna ce.

A kasuwar farar hula ta Amurka ma an ga wannan rabuwar kai. Lokacin da Colt ya fara sayar da AR-15 mai fitar da harsashi ɗaya-ɗaya a shekarar 1964, babu maɓalli a jikinta. Amma sojoji sun riƙe nasu a M16A2 ta shekarun 1980, suka kuma riƙe shi a M4 ta shekarun 1990. Da kamfanoni masu yawa suka shiga ƙera irin wannan bindiga, mafi yawansu suka sa maɓallin, domin mai saye yana son abin da ya yi kama da na soja. Wasu kamfanonin kuma suna fitar da marasa shi don masu son rage nauyi.

Shi kuwa Stoner bai tsaya ba. Bayan ɗan lokaci yana ba Colt shawara, ya koma kamfanin Cadillac Gage, inda ya ƙera Stoner 63, wadda ake iya sauya ta daga bindigar kafaɗa zuwa mai jigida ta hanyar canza wasu sassa. A farkon shekarun 1970 ya haɗu da wani suka kafa kamfanin ARES a jihar Ohayo, ya zauna a can har 1989. Kason da yake samu daga cinikin M16 ya sa ya yi arziki har ya mallaki jirgin sama na kansa. A watan Mayu na shekarar 1990, ta hanyar cibiyar adana tarihi ta Smithsonian, ya sadu da Mikhail Kalashnikov a birnin Washinton. Dattawan biyu sun yi kwanaki tare, kowa ya harba bindigar ɗan uwansa. Kalashnikov, wanda Tarayyar Sobiyet ta cika wa ƙirji da lambobin yabo, bai samu kaso daga miliyoyin bindigoginsa ba. Stoner ya samu kuɗi, amma a ƙasarsa kaɗan ne suka san fuskarsa.

A wannan shekara ta 1990 ya shiga kamfanin Knight's Armament a jihar Fulorida. A can ya koma kan AR-10, ƴarsa ta fari, ya sabunta ta zuwa SR-25, bindigar harbi daga nesa mai fitar da harsashi ɗaya-ɗaya, wadda daga baya sojojin Amurka suka karɓa. Wannan karon da zanen yake hannunsa, bai sa mata maɓallin tura sakata ba.

Eugene Stoner ya mutu ranar 24 ga watan Afrilu na shekarar 1997 a garin Palm City na jihar Fulorida, bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 74. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Quantico da ke jihar Bajiniya. A shekarar 2016, bayan harbe-harben jama'a da aka yi ta yi a Amurka da bindigogi masu kama da tasa, iyalansa sun fito sun bayyana cewa domin soja ya ƙera ta, kuma da yana raye da abin ya tayar masa da hankali.

Mun kawo wannan tarihi ne ba don sha'awar makami ba, domin mu da ke zaune a bakin iyaka mun san abin da yawaitar bindiga ta yi wa hanyoyinmu da kasuwanninmu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda manyan hafsoshi suka yi watanni suna gardama a kan maɓallin da ido ke gani, aka kuwa canza albarushin da ke ɓoye cikin kwanso ba tare da an saurari mai ƙirar ba, sojoji matasa suka biya da rayukansu. Mai saye yana da haƙƙin ya ce ga yadda yake son kayansa, amma kafin ya sauya man da inji ke sha, ya kyautu ya tambayi wanda ya ƙera injin. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya kiyaye matafiya a kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.